Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ikilisiya Da Limaman Soja: A Rubuta Tarihin Mazan Darfur Tun Suna Da Rai

Zuwa ga iyayenmu shugabannin ECWA, da na ikilisiyoyin TEKAN, da na Katolika da Angilikan a Arewacin Najeriya. Da limaman Kirista na rundunar sojan Najeriya. Da shugabannin ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion.

Muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyali da garken da aka danƙa muku. Daga Bur Sudan muke rubuto muku, a bakin Bahar Maliya.

Abin da ya tashe mu rubutu shi ne takardun jana'izar tsofaffin sojoji da ke iso mana ta WhatsApp daga Zonkuwa, Langtang, Biliri, Numan, Zuru da Garkida. Za ka ga hoton dattijo da kaki a bango, a ciki kuma jerin waƙoƙi, da sunayen 'ya'ya da jikoki, da tsarin sujada. In ka zo shafin tarihin marigayi sai ka tarar da layi ɗaya tak: ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Sudan. Shi ke nan. Ba shekara, ba bataliya, ba gari. Wani lokaci ma a rubuta Sudan ta Kudu alhali a Darfur mutumin ya yi aiki, tun kafin a raba ƙasar.

Kowace ikilisiya ta san irin wannan dattijo. Shi ne ke riga mai buga ƙararrawa isowa ranar Lahadi, takalminsa na sheƙi. Shi ake ba ƙidayar baiko domin ba a taɓa samun kwabo ya yi ciwon kai a hannunsa ba. Yaran birged suna shakkarsa, suna kuma ƙaunarsa. Ya shiga soja ta Defo a Zariya yana saurayi, ya fito da igiyar saje ko samanja, ya zama dattijon ikilisiya, ya koma gona. Mu da ke zaune a ƙasar da ya yi wa aiki mun san nauyin abin da layin nan ɗaya ya haɗiye, shi ya sa abin ke ci mana rai.

Bari mu tuna muku yadda aikin ya kasance. Yaƙin Darfur ya ɓarke a 2003. A watan Agustan 2004 Ruwanda da Najeriya suka tura sojoji kimanin 150 kowacce, a ƙarƙashin rundunar Tarayyar Afirka da ake kira AMIS, wadda daga baya ta kai wajen mutum 7,000 a yankin da girmansa ya yi kusan na Faransa. Kwamandojinta a jere 'yan Najeriya ne: Festus Okonkwo, Collins Ihekire, Luke Aprezi, sai Janar Martin Luther Agwai, ɗan kudancin Kaduna. A Abuja aka sa hannu kan yarjejeniyar 5 ga Mayu 2006, wadda ɓangaren Minni Minnawi kaɗai ya amince da ita cikin manyan 'yan tawaye, don haka ba ta kashe wutar ba. Ranar 31 ga Disamba 2007 rundunar haɗin gwiwa da Majalisar Ɗinkin Duniya, UNAMID, ta karɓi aikin bisa ƙuduri mai lamba 1769, ta riƙe shi har 31 ga Disamba 2020. Shekara goma sha shida ke nan bataliyoyi na zuwa suna komawa. Zamanin AMIS kuwa babu isassun motoci, babu jiragen yaƙi, alawus kan yi watanni bai zo ba.

An kuma zubar da jini. Da yammacin 29 ga Satumba 2007, cikin watan azumi, 'yan tawaye suka afka wa sansanin Haskanita, kudu maso gabashin Fashir, babban birnin Darfur ta Arewa. Daga cikin goma na farko da aka tabbatar da mutuwarsu, bakwai 'yan Najeriya ne, aka binne su a maƙabartar sojoji ta Abuja a watan Oktoba. Kotun duniya ta ICC ta ƙidaya mutum 12 da aka kashe, kuma har yau ba a hukunta kowa a gabanta kan harin ba. Ranar 2 ga Oktoba 2012 aka yi wa wasu kwanton ɓauna kusa da Jinaina, sojojin Najeriya huɗu suka rasu. Waɗanda suka tsira daga waɗannan ranaku suna zaune a kujerun majami'unku.

Dalilin gaggawa shi ne, a nan ɓangarenmu shaidar ta riga ta tafi. An wawashe babban sansanin Jinaina a 2019, na Niyala a ƙarshen 2019 ɗin, na Fashir a ƙarshen 2021. Tun da sabon yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023, garuruwan nan uku duk sun sha wuta, mutanensu da yawa suna sansanonin gudun hijira a Chadi. Ba inda ɗan marigayi zai zo nan gaba ya tsaya ya ce ga tantin da babana ya yi sujada. Abin da ya saura yana cikin kan tsofaffin nan da cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gadajensu. Roƙonmu ɗaya ne: kowace ikilisiya ta rubuta tarihin tsofaffin sojojinta tun suna iya ba da shi da bakinsu. Ga yadda muke ganin za a yi aikin ya yi kyau.

A fara da takardu kafin hira. A sa mutum biyu, dattijo ɗaya da tsohon sojan ke jin nauyinsa, da matashi ɗaya mai iya waya da rubutu. Su nemi ganin takardar sallama daga aiki, da katin tsohon soja, da takardun fansho, da takardun shaidar lambobin yabo, da fasfo in yana nan, da katin baftisma, da takardar aure. Abu na farko da za a kwafa, a kuma sake dubawa sau biyu, shi ne lambarsa ta soja. Ga ƙananan sojoji tana farawa da shekarar ɗauka, sai haruffan NA, kamar yadda ake cewa 'yan 79NA. Ta hafsoshi tana farawa da N. Da wannan lamba ake neman mutum a ofishin ajiyar bayanan soja da ke Lakwaja da hukumar fanshon soja a Abuja. Suna kaɗai ba ya isa, domin masu suna Yohanna Musa ko Bitrus Audu a soja ba su ƙidayuwa.

A nan matsala ta farko ke fitowa. Da yawa sunan baftismarsu dabam, sunan da suka shiga soja da shi dabam, sunan da gida ke kira dabam. Shekarar haihuwar da ke katin baftisma kan saɓa da ta takardar soja, saboda da yawa an ƙiyasta musu ne ranar ɗauka. Kada a gyara ɗaya don ta dace da ɗaya. A rubuta kowace yadda take, a faɗi takardar da aka samo ta. Wanda ya goge ya sake rubutu a takardar asali ya jawo wa gwauruwar mutumin wahala ranar da za ta je neman haƙƙinta. A kuma duba wa aka rubuta a matsayin magaji. Sau da yawa uba ne ko wa da ya riga shi rasuwa, tun yana kurtu bai sake waiwayar takardar ba.

Wajen ɗaukar hoton takardu, a shimfiɗa su a tabarma ko tebur a inuwa da hantsi, a kashe fitilar kyamara, a riƙe wayar daidai saman takardar, a ɗauki gaba da baya. Bayan hoto ya fi gabansa amfani sau da yawa, nan ake samun kwanan wata da sunayen abokai. Inda akwai na'urar sikan, a sa ma'aunin kaifin hoto (dpi) a 300 ga takardu, 600 ga hotuna. In za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, domin in aka tura a matsayin hoto manhajar na matse shi har ƙananan lambobi su daina karantuwa. Muna roƙo da babbar murya kada a kai takardun asali a manne su da leda mai zafi. Zafin na cinye tawada, ledar ba ta ɓaruwa, wasu ofisoshi kuma ba sa karɓar takardar da aka yi wa haka. A cire ƙusar takarda mai tsatsa da robar ɗauri, kada a liƙa salatif a inda ya yage. A sa farar takarda tsakanin kowane hoto da ɗan'uwansa, a yi rubutu a baya da fensir, ban da biro. Akwatin ya hau kan bulo ko benci, nesa da bango, saboda gara da danshin damina. Lambobin yabo kuma a share su da busasshen ƙyalle kawai. Man goge tagulla na cinye zanen, in ya taɓa ƙyallen lambar ya ɓata launin da ake gane ta da shi.

Sai hira. Zama uku ya fi zama ɗaya mai tsawo, kowanne kada ya wuce awa guda, a bar kwana biyu ko uku tsakani, domin abin da ya manta yau zai dawo masa da dare. A zauna a ɗaki, a kashe fanka da rediyo, a sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya yanke ɗauka, a ajiye ta kan matashi kamar kamu biyu daga bakinsa. A fara kowane zama da faɗin kwanan wata da gari da sunan mai magana. A bar shi ya yi da harshen da ya fi sakewa, Hausar bariki ce ko Tarok ko Tangale ko Bachama, a fassara daga baya. Awa guda ta murya kan ci wajen megabait 60, don haka katin gigabait 16 zai ɗauki mutum talatin da hotunansu har da saura. Rubuta abin da aka faɗa shi ne mai cin lokaci: awa ɗaya ta magana na cin awa huɗu zuwa shida. A yi kwafi uku, ɗaya ga iyali, ɗaya a ofishin fasto, ɗaya a hedkwatar gunduma, a kuma riƙa sake kwafewa kowace shekara domin katin waya na mutuwa ba sallama.

Tsoho ba ya riƙe shekara, amma yana riƙe abin da idonsa ya gani, kuma a nan ne mu mazauna ƙasar za mu iya taimakawa. A tambaye shi launin hularsa. Koriya ta AMIS ce, wato kafin ƙarshen 2007. Shuɗiya ta UNAMID ce. Wanda ya ce a gabansa aka canja hula, yana can ranar 31 ga Disamba 2007. A tambaye shi da wane kuɗi ya sayi shayi a kasuwa: in dinari ne, bai wuce tsakiyar 2007 ba, domin a shekarar aka koma fam. In ya tuna ranar da Kudu ta ɓalle, 9 ga Yuli 2011 ke nan. In ya ce mota ta kafe a kwari sun kwana suna jiran ruwa ya janye, damina ce, tsakanin Yuni da Oktoba. Jar guguwar ƙura da ake kira habub ta fi zuwa gab da faɗuwar ruwa. A tambaye shi Kirsimeti nawa ya yi a can, da ko azumin Musulmi ya same shi. Lambar Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ba a ba da ita sai mutum ya cika kwana 90 a bakin aiki, don haka ranar faretin lambar na nuna lokacin isowarsa.

Sunayen garuruwa na rikita masu rubutu. Fashir ita ce El Fasher a takardun Turanci, can hedkwatar rundunar take a da. Jinaina ita ce El Geneina, dab da iyakar Chadi. Niyala na kudu da Fashir da wajen kilomita 200. Akwai Giraida, Muhajiriya, Labado, Kas, Zalinji, Kutum da Da'en, kowanne ana rubuta shi iri biyu ko uku. A rubuta yadda tsohon ya furta, sannan a sa yadda yake a takardarsa.

Zama na biyu a keɓe shi ga bangaskiyarsa, domin nan ne takardun soja ba su da abin cewa, kuma nan ne tarihin jana'iza ya fi yin rauni. Mu kan cika shi da kalmomin da za su dace da kowa: mai tsoron Allah ne, mai haƙuri ne. Gaskiya ne, amma jikansa ba zai ga mutum a ciki ba. A yi tambayoyi masu kama ƙasa. A ina kuke sujada a sansani, tanti ne ko inuwar kwantena? Bataliya kan tafi da limamin Kirista da na Musulmi, amma kamfanin da aka tura wani ƙauye mai nisa zai yi makonni bai ga limami ba. To wa ke jan addu'a, wa ke ta da waƙa? A Sudan Lahadi ranar aiki ce, hutu Juma'a ne, to yaya kuka yi da sujadar Lahadi in sintiri ya faɗo a kanta? Yaushe kuka samu Jibin Ubangiji? Wane Littafi Mai Tsarki ka tafi da shi, na Hausa ko na Turanci, yana ina yanzu? In yana nan a buɗe shi a ɗauki hoton duk inda ya ja layi ko ya rubuta kwanan wata a gefe. Za a tarar Zabura 91 ta yi baƙi da yatsa a wurin da yawansu, amma kada a ɗauka haka ne ga kowa, a bar shi ya nuna tasa ayar.

A kuma yi masa tambayar da Yohanna Mai Baftisma ya amsa wa sojoji a Luka 3:14, inda ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Mutumin da alawus ɗinsa ya makale wata uku, yana tsaye da bindiga a gaban mutanen da ba su da mai kare su, ya san ma'anar ayar nan fiye da mai wa'azi. Yadda ya yi da wannan gwaji, da inda ya ga wasu sun faɗi, da rakiyar matan sansanin 'yan gudun hijira zuwa ɗebo itace, su ne shaidarsa. In ya ce akwai ranar da ya kasa yin addu'a, ko ya yi fushi da Allah bayan an kashe abokinsa, a rubuta. Kada mai rubutu ya gyara masa shaida don ta yi daɗin karantawa a bagadi.

Kada a manta da abokan aikinsa Musulmi. Tanti ɗaya suka kwana, tukunya ɗaya suka ci, kuma mutuwa a Haskanita ba ta tambayi addinin kowa ba. A nemi ɗaya ko biyu a ji ta bakinsu, a gayyace su ranar jana'iza a ba su wurin zama na mutunci. A tambaye shi kuma ko ya haɗu da Hausawan Sudan. Suna nan da yawa, daga Darfur har Gadarif da Kasala da Damazin da Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, zuriyar mahajjata da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Kusan dukkansu Musulmi ne. Sojan da ya tsaya gaban mai agashe, wato tsiren Sudan, a kasuwa ya ji an amsa masa da Hausa ba ya manta ranar.

A nan akwai gargaɗin da muke so ku ɗauka da nauyi. Duk sunan ɗan Sudan da ya fito a hirar, tafinta ne, direba, mai wanki, ko wanda ya taɓa zuwa sujada a sansani, kada ya shiga takardar jana'iza, kada ya hau Facebook, hotonsa ma haka. Yaƙi na ci har yanzu, ana kashe mutane a Darfur saboda ƙabila da zargin wa suka yi wa aiki. An soke dokar ridda a 2020, amma soke doka bai sauya zuciyar maƙwabci ba. A bar irin waɗannan sunaye a kwafin da ke kulle a ofishin fasto. Haka abin da ya shafi sirrin aikin soja: in ya ce wannan ba na faɗa ba ne, a wuce.

Wani tsohon zai kai wani wuri a labarin ya yi shiru, ko hannunsa ya kama rawa, ko ya tashi ya fita. A kashe ɗauka, kada a matsa, kada kuma a rufe shi da ayoyi nan take. In matarsa ta ce ba ya barci, yana firgita da ƙarar knockout ɗin yara lokacin Kirsimeti, ko ya koma shan giya tun dawowarsa, wannan ya wuce aikin masu rubuta tarihi. Fasto ya haɗa shi da likita, addu'a na tafiya tare da magani. Matar kuma a ba ta zamanta dabam, 'yan Zumuntar Mata su yi hirar. Ita ta riƙe gida a bariki, ta biya kuɗin makaranta, ta kwana da rediyo a kunne ranar da aka ce an kai hari ba a faɗi sunaye ba. Rabin tarihin yana wurinta.

Daga duk wannan sai a fitar da shafi biyu, kalmomi kamar 600, abin da za a karanta cikin minti biyar. A karanta masa tun yana da rai, ya gyara da kansa, ya sa hannu. A rubuta muƙaminsa na ƙarshe daidai; kada a mai da kofur saje ko samanja kyaftin don a faranta wa iyali, abokan aikinsa na zaune a wurin kuma sun sani. In rasuwa ta zo, a sanar da reshen Legion da barikin da ya fi kusa a ranar, a kuma zauna tun da wuri a raba lokaci tsakanin sujada da karramawar soja, don kada a tsaya gardama a bakin kabari kan wa zai fara.

Ga limaman soja, muna roƙon ku fitar da takarda ɗaya mai waɗannan tambayoyi, da Hausa da Turanci, ku raba wa majami'un bariki da na gari. Ga Legion, ku ba fastoci sunayen mambobinku da suka yi Darfur, gunduma gunduma, a fara da waɗanda suka fi tsufa da marasa lafiya. Ga shugabannin ikilisiya, ku sa Lahadin da ta fi kusa da 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ta zama ranar da kowace majami'a za ta karanta tarihin mutum ɗaya yana zaune yana ji, ku kuma tuna da 29 ga Mayu, ranar masu kiyaye zaman lafiya ta duniya. Cibiyar horon kiyaye zaman lafiya da ke Jaji, wadda ke ɗauke da sunan Janar Agwai, wuri ne da ya dace a nemi ya karɓi kwafi, in iyalai sun yarda. Mu kuma duk sunan gari ko kalmar Larabci da ta shige muku duhu a cikin hirar, ku turo ta hannun limamanku, za mu duba mu mayar muku da amsa.

Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi da hikima.

Naku cikin Almasihu,
Wasu 'yan'uwa masu jin Hausa mazauna Bur Sudan